Cikin fari ne da ni: yaushe zan fara awo, kuma me ya kamata in sani?

Tambaya: Assalamu alaikum. Shekarata 20, na yi ɓatan wata biyu, gwajin fitsari kuma ya nuna ciki ne, na fari. Surukata ta ce ba a fara awo sai ciki ya fito, wata biyar ko shida. Maƙwabciyata kuma ta ce babu komai a awon sai dogon layi da ƙwayoyi. Idan cikin ya kai wata bakwai, gidanmu zan tafi goyon ciki a wani gari. Yaushe ya kamata in fara, kuma me ya kamata in sani?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya raba lafiya.

Ki fara a makon nan in da hali. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarwarin da ta fitar a 2016, ta ce mai ciki ta ga ma'aikatan lafiya aƙalla sau takwas: na farko kafin ciki ya wuce mako 12, sauran a mako na 20, 26, 30, 34, 36, 38 da 40. Surukarki abin da aka saba ta faɗa miki, ga kuma kunyar cikin fari da ke sa a ɓoye shi har sai ya tona kansa. Ki bi ta hannun maigidanki ya yi mata bayani cikin ladabi, don akwai abubuwan da sai a watannin farko ake samun amfaninsu. Hoton ciki da aka yi kafin mako 14 ya fi kowane iya faɗin shekarun cikin daidai, kuma shi ke nuna ko cikin a mahaifa yake zaune ko a wajenta. Awon hawan jini da aka yi da wuri shi ke nuna asalin jininki, domin a tsakiyar ciki jini yakan ɗan sauka da kansa, sai ya ɓoye hawan jinin da mace ta shigo da shi. Cututtuka irin su ƙanjamau da tunjere kuwa, gwargwadon saurin fara maganinsu, gwargwadon tsirar jariri.

Maƙwabciyarki ma ba ƙarya ta yi gaba ɗaya ba. A asibitoci da yawa ma'aikaciya ɗaya ce ke fama da mata cike da rumfa, ana lacca yara na kuka, wadda ke baya ba ta jin komai. Mace sai ta yi zuwa biyar, ta dawo da kati cike da rubutu, ba ta san ko layi ɗaya a ciki ba. Binciken lafiya na ƙasa da aka yi a Najeriya a 2018 ya nuna kashi 67 cikin ɗari na mata sun yi awo a hannun ƙwararru, amma kashi 39 ne kawai na haihuwa aka yi a asibiti. Nisa da kuɗi suna cikin dalilai, rashin fahimtar abin da aka je nema ma yana ciki. Saboda haka ki shiga awo da niyyar sanin abin da ke cikin katinki.

A saman katin za ki ga LMP, wato ranar farko ta al'adarki ta ƙarshe, ranar da jinin ya fara zuwa ba ranar da ya ɗauke ba. Nan mata da yawa ke kuskure. Daga ita ake fitar da EDD, ranar da ake sa ran haihuwa: a ƙara kwana bakwai, sannan a ƙara wata tara. In al'adarki ta fara ranar 10 ga Janairu, EDD ɗinki 17 ga Oktoba ce. Jimla kwana 280 ne, mako 40. In da watan Musulunci kike lissafi, wata tara da rabi ke nan, don haka kada hankalinki ya tashi idan wata na tara ya mutu ba ki haihu ba. Mata kaɗan ne ke haihuwa a ranar EDD ɗin kanta. Daga mako 37 ciki ya isa haihuwa, idan kuma ya kai mako 41 shiru, ki koma a duba ki, ƙila a tayar da naƙudar.

BP shi ne awon hawan jini, lamba biyu ɗaya a kan ɗaya. Duk zuwa ki tambayi nawa aka samu. Idan ta sama ta kai 140 ko ta ƙasa ta kai 90, ya hau. PCV yawan jinin jikinki ne. Ƙasa da 33 ya fara kasawa, ƙasa da 30 yana buƙatar magani na sosai, kusa da 21 kuwa maganar kwanciya asibiti ce. Tsayin ciki da ake aunawa da tef, daga mako 24 zuwa sama yakan yi daidai da makonnin cikin, da bambancin santimita biyu sama ko ƙasa: cikin mako 30 ya ba da 28 zuwa 32. In ya kauce sosai, ko lissafin kwanakin ne ba daidai ba, ko tagwaye ne, ko ruwa ya yi yawa, ko ɗan ba ya girma yadda ya kamata, sai a tura ki hoto. Bugun zuciyar ɗa 110 zuwa 160 ne a minti ɗaya. A layin fitsari ana neman furotin da suga, kuma alamar tarawa (+) a gurbin furotin tare da hawan jini ba abin wasa ba ne.

Gwaje-gwajen ranar farko akwai biyu da nake so ki riƙe. Na ɗaya rukunin jini. In an rubuta miki neg, kamar O neg ko B neg, mijinki kuma pos ne, jikinki zai iya ƙera abin da zai yaƙi jinin 'ya'yan da za ki ɗauka nan gaba. Ɗan fari yawanci yakan tsira, na bayansa ne ke shan wahala. Rigakafin allura ce mai suna anti-D, ana yi wajen mako 28, sannan a sake cikin awa 72 bayan haihuwa idan jaririn pos ne, haka ma bayan ɓari. Tana da tsada, gara a san da ita tun yanzu a fara tanadi. Na biyu gwajin ciwon hanta nau'in B: in kina da shi, lallai a yi wa jariri allurarsa cikin awa 24 da haihuwa, allurar da dama kowane jariri ya kamata ya samu. Gwajin sikila kuma, in ku biyun AS ne, kowane ciki yana da kashi ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS.

Sai ƙwayoyin da maƙwabciyarki ta raina. Jinin mai ciki yana ƙaruwa da kusan rabin yadda yake, kuma ƙera shi na buƙatar sinadarin ƙarfe. Abin da ake so kullum shi ne miligiram 30 zuwa 60 na ƙarfen da miligiram 0.4 na folik asid. Wasu asibitocin yanzu ƙwaya ɗaya suke bayarwa mai suna MMS, wadda ta haɗa sinadarai 15. Ƙwayar ƙarin jini tana mayar da bayan gida baƙi, wannan ba komai ba ne. Tana iya kawo taurin bayan gida da tashin zuciya. In haka ta faru ki mayar da shanta dare bayan cin abinci, ki yawaita ruwa da ganye, amma kada ki daina. Kada ki kora ta da shayi ko madara, suna hana jiki tsotse ƙarfen. Ki ba da tazarar awa biyu. Lemon zaƙi ko gwaiba kuwa taimaka mata suke yi. Maganar da ke yawo cewa ƙwayoyin awo na sa ɗa ya yi ƙato har a kasa haifarsa ba ta da tushe. Abin da ke faruwa a zahiri shi ne, mai ƙarancin jini ko kaɗan ta zubar wajen haihuwa sai ta galabaita.

Fansida, maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro, ba a fara shi sai ciki ya shiga mako 13. Ƙwaya uku ake haɗiyewa lokaci guda a gaban ma'aikaciya, da tazarar aƙalla wata ɗaya tsakanin sha da sha, aƙalla sau uku kafin haihuwa. Ya fi muhimmanci ga mai cikin fari, domin ƙwayar cutar tana taruwa a mabiyiya, ta cinye jinin uwa, ta hana ɗa girma, alhali uwar ba ta ma jin zazzaɓi. In folik asid ɗin da aka ba ki mai miligiram 5 ne, ki tambayi kwana nawa za ki dakata da shi bayan Fansida, don yawansa yana rage mata ƙarfi. Mai shan Septrin kullum ba ta shan Fansida. Gidan sauro kuma tun daren yau. In zazzaɓi ya kama ki, a yi gwaji tukuna, ma'aikacin lafiya ya zaɓa miki magani, ba mai kemis ba.

Allurar tetanus, rigakafin cutar sarƙewar haƙora, ana yin ta farko ranar da kika fara awo, ta biyu bayan mako huɗu. Ta uku bayan wata shida, ta huɗu da ta biyar shekara-shekara. Yawancin mata a ta biyu suke tsayawa, su sake sabon lale a kowane ciki.

Abinci ba sai na masu kuɗi ba. Wake, gyaɗa, ƙwai dafaffe sosai, kifi, nama, zogale, alayyahu, miyar kuka, nono da aka tafasa madararsa, da ƙarin ci sau ɗaya a kan yadda kika saba idan laulayi ya lafa. Mai matsakaicin jiki takan ƙara kilo 11 zuwa 16 a tsawon cikin. Laulayi yakan sassauta wajen mako 14 zuwa 16. Kafin nan ki riƙa ci kaɗan-kaɗan, kada ki bar cikinki wayam. Amai da ya hana ko ruwa zama yini guda, fitsari ya yi kaɗan ya yi duhu, na asibiti ne. In kin ji kina kwaɗayin farar ƙasa ko tauna ƙanƙara, ki faɗa a duba jininki, sau da yawa alamar ƙarancin ƙarfe ce. Na ciwon jiki, farasitamol ya isa. Ibuprofen, diclofenac da tetracycline ki bar su. Jiƙe-jiƙe da haɗin "sauƙin naƙuda" da ake tallatawa a WhatsApp da Facebook, babu wanda ya san abin da ke ciki balle adadinsa.

Yanzu ga abin da ya fi duk waɗannan nauyi. Mai cikin fari, musamman mai ƙananan shekaru, ta fi sauran mata haɗarin hawan jinin ciki, wanda ke bayyana bayan mako 20 ya kuma iya kaiwa ga jijjiga. Mugun halinsa shi ne yana hawa mace na jin kanta garau, shi ya sa ake matso da ranakun awo kusa da juna a watannin ƙarshe, daidai lokacin da mata ke gajiya su daina zuwa. Idan ya tsananta yana ba da alamu: ciwon kai mai tsanani da ba ya jin farasitamol, gani dishi-dishi ko walƙiya a ido, ciwo a saman ciki ƙarƙashin haƙarƙarin dama wanda ake ɗauka gyambon ciki ne, da kumburin fuska da hannuwa, zobe ya ƙi fita, ki tashi da safe idanu a kumbure. Kumburin ƙafa kaɗai da yamma, wanda ke saɓewa in an kwana, yawancin masu ciki na yi. Amma ɗaya daga cikin waɗancan, ko awo ya nuna 160 a kan 110, tafiya asibiti ce a wannan sa'ar, ko da tsakar dare ne.

In jijjigar ta zo, ke ba za ki san inda kike ba, don haka mutanen gida ne ya kamata su san abin yi. A kwantar da mace ta gefen hagu, a kawar da abin da zai ji mata ciwo. Kada a cusa mata cokali a baki, kada a ɗura mata ruwa ko rubutu tana cikin wannan hali don zai tafi huhu, kada a turara mata hayaƙi. A gidaje da yawa iska ake cewa, a tafi neman mai ruƙiyya, awa uku ta wuce. A yi addu'ar a cikin mota. Maganinta allurar magnesium sulphate ce da sauke jinin da kuma raba ta da cikin, kuma tana iya zuwa ko bayan an haihu, musamman a kwana biyun farko.

Sauran alamun da ba a kwana da su: zubar jini komai ƙanƙantarsa, zazzaɓi, ciwon ciki mai tsanani, numfashi sama-sama, fashewar faya, da raguwar motsin ɗa. Jini a watannin ƙarshe, in babu ciwo, mai yiwuwa mabiyiya ce ta tare bakin mahaifa, kuma sa hannu a duba zai iya ɓalle jinin, don haka kada ungozomar gida ta taɓa ki. In da ciwo, ciki ya yi tauri bai saki ba, mai yiwuwa mabiyiyar ce ta ɓanɓaro. Faya in ta fashe ki tafi ko babu naƙuda, ki lura da lokacin da launin ruwan. Kore ko ruwan ƙasa na nufin ɗan ya yi kashi a ciki. Motsi kuwa, mai cikin fari takan fara jin sa a mako 18 zuwa 20. Daga mako 28 ki san lokutan da ɗanki ya saba motsi, ki kuma riƙa kwana ta gefe maimakon rigingine. Ranar da kika ji ya yi sanyi, ki kwanta ta hagu ki ƙirga. In bai kai goma cikin awa biyu ba, ki tafi a ranar. Masu cewa ɗa yakan yi shiru in haihuwa ta matso, kada ki saurare su.

Goyon ciki al'ada ce mai kyau, kina kusa da mahaifiyarki. Inda ake samun matsala, mace ta bar asibitin da ya san ta a wata na bakwai, ta je garinsu ba ta sake yin awo ba, daidai lokacin da hawan jini ke kunno kai. Kafin ki tafi ki gaya wa ma'aikaciyar awonki, ki karɓi katinki ko takardar da ta ƙunshi sakamakon gwaje-gwajenki da hotunan ciki, ki ɗauki hotonsu a waya. A makon da kika isa ki yi rajista a asibitin can. A awon mako 36 ki tambayi kwanciyar ɗan: kai ne a ƙasa, ko zaune yake, ko a gicciye. Ki tambayi wani abu kuma kai tsaye: nan ana yin tiyata da ƙarin jini da dare? In ba a yi, ina ake turawa, tafiyar minti nawa ce?

Sannan a zauna da maigidanki da mahaifiyarki a yanke magana tun kafin wata na takwas. Ya ba da izini a fili, a gaban iyayenki, cewa duk lokacin da wata alama ta bayyana a tafi da ke asibiti ba sai an same shi a waya ba. A ajiye kuɗi daban da na suna. A riƙe lambar direba biyu da za su ɗauka da dare. A wasu jihohin Arewa ƙungiyar direbobi ta NURTW tana da tsarin kai masu naƙuda asibiti, a bincika ko akwai a garinku. A san mutum biyu masu jini irin naki da za su iya bayarwa. Jaka ta kasance a haɗe tun mako 36: zannuwa, audugar mata, kayan jariri da hula, da abin da asibitin ya lissafa.

Naƙudar gaskiya ciwo ne da ke zuwa yana tafiya a kan tsari, yana matsowa kusa da juna, yana ƙara ƙarfi, ba ya lafawa don kin kwanta. Sau da yawa da majina mai haɗe da ɗan jini. In asibiti na kusa, ki tafi idan ciwon na zuwa duk minti biyar ya kuma jima a haka kamar awa guda. In da nisa, ki tafi tun farkonsa. A nan kunya ke yin ɓarna mafi girma: yarinya ta kwana tana murƙususu a ɗaki, ta ƙi faɗa wa mahaifiyarta don kada a ce ba ta da dauriya. Ki faɗa. Bakin mahaifa sai ya buɗe santimita 10 ake nishi, kuma a cikin fari somin-taɓin yakan ja lokaci, amma daga santimita 5 zuwa 10 ba ya yawan wuce awa 12. Kada ki fara yunƙuri sai ungozoma ta ce, yunƙurin wuri yana kumbura bakin mahaifa. In an ga buƙatar ƙari, wato ɗan yanka a ƙofar haihuwa don ɗa ya samu hanya, za a yi miki bayani a ɗinke da allurar kashe zafi, ba kowace mai cikin fari ake yi wa ba.

Naƙudar da ta yi tsawo a gida ita ce uwar yoyon fitsari. Kan ɗa ya tokare a ƙugu, ya danne mafitsara a jikin ƙashi awa da awanni, jini ya daina kai wa wurin, naman ya mutu, bayan 'yan kwanaki ya zube ya bar ɓuli. Cibiyar Babbar Ruga a Katsina da sashen masu yoyon fitsari na asibitin Murtala a Kano sun shafe shekaru suna gyaran irin wannan. Yankan gishiri ba ya buɗe ƙashi, sai dai ya huda mafitsara ko ya jawo zubar jini. Allurar ƙarin naƙuda a gida kuma tana iya fasa mahaifa. In likita ya ce sai an yi aiki, a sa hannu da wuri. Tiyatar da aka yi a kan lokaci ba ta hana haihuwa nan gaba, sai dai duk haihuwar da za ta biyo baya a asibiti za a yi ta.

Da ɗa ya fito za a yi miki allurar oxytocin don mahaifa ta tsuke. Jinin da ya kai rabin lita, kimanin cikin ledar ruwan sha guda, ya wuce ƙa'ida. In kina jiƙa ƙunzugu cikin ƙasa da awa ɗaya, ko gudaji na fita, ko kina jin jiri, ki yi magana nan take. A ɗora miki jaririn a ƙirji, ya kama nono cikin awa ta farko. Dakashi shi ne rigakafinsa na farko, kada a matse a zubar. A jinkirta wankansa zuwa awa 24, cibiya kuma man chlorhexidine kaɗai za a shafa mata, ban da toka, man goge baki ko gashi da tsumma. Ki zauna asibiti awa 24, ki koma a kwana na uku, da tsakanin kwana 7 zuwa 14, da kuma mako shida.

Tunda a gida za ki yi jego, ki san cewa tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura da yawan ciwon zuciya a tsakanin masu jego, suka kuma danganta shi da kunun kanwa da zafin wankan jego da kwanciya a gadon da aka hura wa wuta. Kanwa gishiri ce, tana tara ruwa a jiki ta ƙara wa zuciya aiki. A yi kunun ba kanwa, ruwan wanka ya zama mai ɗumi wanda fata ke iya ɗauka, musamman in jininki ya taɓa hawa. Mai jego da ke haki, ko ta kasa kwanciya sai a jingine, ko ƙafafunta suka kumbura, asibiti za a kai ta a ranar.

Ranar awonki na farko ki je da ranar al'adarki a rubuce, da duk maganin da kike sha. Kafin ki tashi daga gaban ma'aikaciya ki maimaita mata abin da kika fahimta da bakinki, misali: "Wato ƙwayar ƙarin jinin ɗaya kullum bayan abinci, in dawo ranar kaza, jinina kuma 110 a kan 70?" In akwai kuskure a nan za ta gyara. In da Turanci aka yi miki bayani, ki ce a maimaita da Hausa. Ki nemi maigidanki ya raka ki ko sau ɗaya, a gwada jininsa shi ma, ya ji alamun haɗarin nan daga bakin ma'aikaciyar da kunnensa.